Amfilifaya marar nauyi don jitar bes: daga akwatin sifika ake fara lissafi

A kowace ƙungiyar kiɗa, in ka ɗauke mai ganguna, babu wanda kaya suka fi yi wa nauyi kamar mai jitar bes. Abin kuwa daga kunne ya samo asali. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen Bell a Amurka, suka nuna cewa kunnen mutum ba ya kama sauti mai kauri kamar yadda yake kama na tsakiya, sai an ƙara wa mai kaurin ƙarfi sosai kafin su zo daidai a ji. Tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, ta bes mai tsirkiya biyar kuma tana sauka har wajen 31. Kafin sifika ta fitar da irin wannan sauti har na bayan zaure ya ji a ƙirjinsa, sai ta tura iska mai yawa, tura iska kuwa wuta yake ci. Shi ya sa mai ƙaramar jita zai cika ɗaki da wat 50, mai bes kuma ɗaruruwa yake nema.

Kayan bes kashi uku ne. Akwai firiyam, wadda ke karɓar ɗan siririn sautin da ya fito daga jita ta gyara masa murya ta ɗaga shi. Akwai amfilifayar ƙarfi, wadda ba ta da wani aiki sai ta karɓi wannan gyararren sauti ta ba shi ƙarfin da zai motsa sifika. Sai akwatin sifika. Mutane da yawa suna sayen na farko da na biyu a haɗe cikin gida ɗaya, amma wanda ya samu firiyam da muryarta ta kwanta masa a rai yakan fi so ya raba su, ya nemi amfilifayar ƙarfi daban. A nan ne tambayar nauyi take tasowa.

Da can, ƙarfi da nauyi tare suke tafiya. Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969 kuma har yau masu bes suke auna sauran da ita, wat 300 take bayarwa, nauyinta kuwa ya kai kimanin kilo 38, ban da akwatinta mai sifika takwas. Ita mai kwalabe ce, wato bututun gilashin da ake ƙara ƙarfin sauti da su kafin zuwan taransisto, amma ko masu taransisto na wancan salon ba su da sauƙi: QSC RMX 2450 tana da kilo 20. Yau kuwa Crown XLS 1502 ba ta cika kilo 4 ba. Duk wanda ya saba da tsofaffin, ya ɗaga irin wannan da hannu ɗaya, dole zuciyarsa ta yi masa wasi-wasi: anya akwai abin kirki a ciki?

Amsar tana cikin sanin inda nauyin yake tun asali. Wuri biyu ne. Na farko taransifoma. Wutar bango tana juyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, kuma taransifomar da za ta yi aiki a wannan jinkirin, ta ɗauki wat ɗaruruwa, dole ta zama tulin ƙarfe da tagulla. Sababbin na'urori suna fara mayar da wutar bangon miƙaƙƙiya, su yanyanka ta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, sannan su bi da ita ta taransifoma. Gwargwadon saurin juyawar wuta, gwargwadon ƙanƙantar taransifomar da ake bukata. Kamar mai ban ruwa ne: in sai an jima ake kawo masa ruwa, dole ya ajiye babbar randa, in kuwa ana zuba masa babu ƙaƙƙautawa, ɗan tulu ya ishe shi. QSC ta nuna wannan a ƙarshen shekarun 1990 da jerin PLX, waɗanda suka sauko zuwa kilo 9 da rabi alhali ɓangaren da ke tura sifika bai rabu da tsohon salo ba. Wutar kawai aka sauya wa hanya, fiye da rabin nauyin ya tafi.

Wuri na biyu shi ne ƙarfen shan zafi. Amfilifaya ta rukunin AB, wadda ita ce aka fi sani shekara da shekaru, ko a takarda ba ta iya mayar da fiye da kashi 78 cikin 100 na wutar da ta ci zuwa sauti, a aikace kuma ƙasa da haka take yi. Ragowar zafi yake zama. A ce tana aiki da kashi 60: kafin ta ba sifika wat 500, sai ta zubar da fiye da wat 300 a matsayin zafi, wanda sai da faffaɗan alminiyom da fanka za a kore shi. Rukunin D ya bi wata hanya. Taransistocinsa ba sa tsayawa rabi-da-rabi, ko dai a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya, suna yin haka sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, sai wata matata a bakin fita ta tace wannan kunna-kashe ta bar sautin. Da haka yake kaiwa kashi 90 ko fiye, zafin da zai zubar a wat 500 ɗin nan bai wuce wat 60 ba. Harafin D ɗin jerin haruffa ne kawai, ba ya nufin na'urar dijital ce, ko da yake masu talla sukan bar mutane cikin wannan ruɗu.

Saboda haka nauyin da aka cire ba ƙarfi aka cire ba, ɓarna aka rage. Wannan magana ce da ta riga ta zauna. Kamfanoni irin su ICEpower da Pascal a Denmak, da Hypex a Holan, da Powersoft a Italiya, suna ƙera allunan rukunin D da wasu kamfanoni suke saye su sa a cikin nasu kayan, har ma za ka iya tarar da allo iri ɗaya a cikin na'urori biyu masu suna daban. Abin da nake ganin ya fi cutar da masu bes ba rukunin amfilifayar ba ne. Fara zaɓe daga lambar wat ne, alhali daga akwatin sifika ya kamata a fara.

Ka juya akwatinka ka duba bayansa. Za ka ga an rubuta om 8 ko om 4. Wannan lamba ita ce ke faɗin yawan wutar da akwatin zai ja daga amfilifaya, kuma duk lambar wat da ba a haɗa ta da lambar om ba, maganar banza ce. Mu ɗauki XLS 1502 ɗin nan misali, tunda kamfanin ya bayyana alƙalumanta: kowane layi cikin layukanta biyu yana ba da wat 300 a om 8, wat 525 a om 4, wat 775 a om 2. In an haɗe layukan biyu suka zama ɗaya, wat 1050 a om 8, wat 1550 a om 4. Na'ura ɗaya ce, amma lambobi biyar. Mai akwati ɗaya na om 8 da ya jona shi a layi ɗaya, wat 300 yake da shi, ko da kuwa lambar 1550 ce ta ja shi ya saya.

In akwatuna biyu ne, lissafin yana sauyawa. Biyu masu om 8 a jone gefe da gefe suna zama om 4. Biyu masu om 4 suna zama om 2. Mai 8 da mai 4 suna zama kusan 2.7, kuma mai om 4 ɗin zai ja ninki biyu na abin da ɗan'uwansa ya ja. Ba kowace amfilifaya ce take jure om 2 ba, kuma ko wadda aka rubuta tana jurewa, a nan ne take fin yin zafi. Alfanun amfilifaya mai layi biyu ga mai bes shi ne ya ba kowane akwati layinsa, ya tura musu sauti ɗaya, ya daidaita ƙarar kowanne da maɓallinsa. Wannan hanya ta fi kowace kwanciyar hankali, musamman in akwatunan ba iri ɗaya ba ne.

Haɗe layuka biyu su zama ɗaya, wato abin da ake kira haɗin gada, yana da jan hankali saboda lambarsa ce mafi girma a takarda. Yadda yake aiki shi ne layi ɗaya yana turawa, ɗayan yana ja, sai bolt ɗin da ke kaiwa ga sifika ya ninka. Amma kowane layi rabin om ɗin akwatin yake gani. Akwatin om 8 a gada, om 4 ne ga kowane layi, babu laifi. Akwatin om 4 a gada, om 2 ne ga kowane layi, ka kai na'urar iyakarta tun kafin a fara kiɗa. Sannan ka tambayi kanka ko akwatin zai iya da abin da ka sakar masa: wat 1050 a om 8 ya haura bolt 90. Akwati ɗaya mai sifika biyu ƙanana ba zai sha wannan ya wanye lafiya ba.

To wat nawa ne ya isa? A nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi a banza. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙara), abin da kunne zai ji an ɗan ƙara, ba wai an ninka ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Daga wat 500 zuwa 800 desibel 2 ne. Wanda ba a jin sa a cikin ƙungiya da wat 500, ba za a ji shi da 800 ba. Ka kwatanta wannan da abin da akwati yake yi. Kowane akwati yana da lambar da ke nuna ƙarar da yake fitarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Mai desibel 100 zai yi da wat 250 abin da mai desibel 97 zai yi da wat 500. Ƙara akwati na biyu irin na farko kuwa yana iya kawo kusan desibel 6 a ƙasan sauti, saboda faɗin da ke tura iska ya ninka, wutar da ake ja ma ta ƙaru. Mafi yawan lokaci, mai kukan amfilifayarsa ta yi kaɗan, sifika ce ta yi masa kaɗan.

Akwai kuma abin da lambar wat ɗin akwati ba ta faɗa. Galibi tana nuna zafin da naɗin wayar da ke cikin sifika zai jure kafin ya ƙone. Ba ta nuna iyakar nisan da faifan sifikar zai iya kai-komo. A sauti mai kauri, wannan iyakar ta biyu ake fara cin karo da ita, sau da yawa da wat ƙasa da wanda aka rubuta. In ka ji sifika ta fara wani irin kakari ko ƙwanƙwasa a tsirkiyar ƙasa, ta gaya maka ta kai, kuma babu amfilifayar da za ta gyara wannan. Haka nan in naɗin wayar ya ɗau zafi, turjiyarsa tana hawa, sai ya rage jan wuta. Shi ya sa a tsakiyar wasa ake ji kamar ƙara ta ragu alhali ba a taɓa komai ba. Ƙara murɗa maɓalli a wannan hali ƙara wa sifika zafi ne kawai.

Yanzu ga wurin da shakkar masu tsofaffin kaya take da tushe. Ba duka lambobin wat ne aka auna su hanya ɗaya ba. Akwai ƙarfin da na'ura za ta riƙe tana bayarwa ba yankewa, akwai kuma wanda za ta bayar na ƙiftawar ido. Wata hanyar awo da aka saba da ita tana amfani da ɗan bugu na kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa, a sautin da ke kaɗawa sau 1000 a daƙiƙa. Kaɗawa ɗaya tak ta tsirkiyar ƙasa ta bes tana ɗaukar kusan kashi 24 cikin 1000 na daƙiƙa. Wato awon ya ƙare tun kafin sautin bes ya yi zagaye ɗaya. Mai bes kuwa yakan danna sauti ya riƙe shi daƙiƙa biyu ko uku. Amfilifaya marar nauyi da aka tsuke wa ɓangaren wuta don a rage kuɗi za ta ba da lambar da aka yi alkawari a bugun farko, sannan ta janye. Abin da ake ji ke nan a ce bes ɗin ba shi da gindi, yana da ƙara amma ba ya cika wuri. Laifin ba na rukunin D ba ne, na rowar da aka yi wa ɓangaren wuta ne. Don haka in kana karanta takardar bayanin na'ura, nemi inda aka faɗi abu huɗu tare: om nawa, a wane sauti aka auna, gurɓacewar sauti kashi nawa, kuma layi ɗaya aka kunna ko duka biyun. Kamfanin da ya rubuta lamba ɗaya ƙatuwa ya yi shiru a kan waɗannan, ni ba na ba shi amana. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wani abin da ke sa a zargi amfilifaya ba da haƙƙinta ba shi ne rashin jituwa da firiyam. Kowace amfilifayar ƙarfi tana da adadin bolt da take bukata a bakin shiga kafin ta ba da cikakken ƙarfinta. Waɗanda aka yi don manyan wuraren taro galibi suna neman tsakanin bolt 0.775 da 1.4. Firiyam ta rak, wato wadda ake ɗaurawa a akwatin jera na'urori, yawanci tana kai wannan cikin sauƙi. Amma da yawa daga cikin ƙananan firiyam na ƙafa, masu aiki da batirin bolt 9, an yi su ne don su shiga mikisa ko gaban wata amfilifayar, ba don su tura amfilifayar ƙarfi kai tsaye ba. Lissafin kuwa ba shi da sassauci: in firiyam ta ba da rabin bolt ɗin da ake nema, kwata na wat za ka samu. Wat 525 ya koma wajen 130. Mutum ya murɗe komai har ƙarshe, ya ce na'urar ƙarya ce, alhali yunwa take ji. Wasu amfilifayoyin, ciki har da jerin XLS irin su 1502 ɗin nan, suna ba da damar zaɓar 0.775 maimakon 1.4, kuma ga mai firiyam ta ƙafa wannan zaɓi ya fi ƙarin wat 200 amfani. Jona jita kai tsaye a amfilifayar ƙarfi kuwa ba ya yi, musamman jitar da ba ta da batir a ciki: sautinta ya yi rauni, kuma bakin shigar amfilifayar zai danne shi ya dusashe.

A tuna kuma, maɓallin da ke gaban amfilifayar ƙarfi ba ya rage iyakar ƙarfinta. Abin da ke shigowa kawai yake ragewa. In ka ajiye shi a rabi amma firiyam ta turo sauti mai ƙarfi, cikakken wat zai kai ga sifika.

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan dage a kansa bayan ƙarfi, matatar da ke tare ƙasan sauti zan zaɓa. Mafi yawan akwatunan bes na yau suna da rami ko bututu da aka auna don ya taimaka wa sifika a wani sauti na ƙasa. Ƙasa da wannan sautin, iskar cikin akwatin ba ta riƙe faifan sifikar, sai ya yi ta lilo a banza, yana cin wuta ba ya fitar da abin da za a ji. Bugun yatsa a kan tsirkiya da taɓa jikin jita suna haifar da irin wannan girgiza mai yawa. Matatar da aka saita tsakanin kaɗawa 30 da 40 a daƙiƙa, ko sama da haka kaɗan in akwatin ƙarami ne, tana yanke wannan ɓarna. Mutane suna tsoron za ta cinye musu kauri, amma abin da kunne ya fi kamawa a tsirkiyar ƙasa ba asalin 41 ɗin ba ne, ninkin da ke bisansa ne, 82 da 123. Da an tace, sai ka ji bes ya ƙara tsayuwa, amfilifaya ta samu sarari, sifika kuma ta huta. Wasu amfilifayoyi marasa nauyi suna zuwa da wannan matata a ciki. In babu, ana samun ta a ƙaramar na'ura daban.

Maganar murya kuma a yi ta da gaskiya. Amfilifaya mai kwalabe in an matsa mata tana lanƙwasa sauti a hankali, ta ƙara masa wani kauri da masu bes da yawa suke ƙauna, kuma wani ɓangare na muryar SVT daga nan yake. Amfilifayar ƙarfi ta zamani ba a yi ta don ta yi haka ba. Muddin ba ta kai iyakarta ba, abin da aka ba ta shi za ta ƙara wa girma ba tare da ta sa baki ba. In ta kai iyaka, a nan ne ake gane mai kyau da marar kyau: wata tana da limita mai laushi da ke danne sautin ba a ankara ba, wata ta yi ƙara mai tsaga kunne, wata kuma ta ɗauke gaba ɗaya na ɗan lokaci don kare kanta. Ta ukun nan ita ce mafi muni a kan dandamali. Wanda yake son ɗumin kwalba, ya neme shi a firiyam, ya bar amfilifayar ƙarfi da isasshen sarari yadda ba za ta riƙa bugun rufi ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna da cizo. Amfilifaya mai kilo 4 a cikin rak ɗin katako mai zurfi ta koma mai nauyi, don haka a duba zurfinta daga gaba zuwa baya, ba tsayinta kaɗai ba, a nema mata gida marar nauyi daidai ita. Fankar wasu tana da ƙarar da ba za a ji a dandamali ba amma za ta dami mai naɗar sauti a ɗaki. Wayar sifika daban take da wayar jita ko da bakinsu ya yi kama; ta jita siririya ce, ba za ta ɗauki wannan wutar ba. Bakin speakON na kamfanin Neutrik ya fi aminci saboda yana kullewa kuma ƙarfensa a ɓoye yake, sai dai a haɗin gada wasu na'urorin suna amfani da ƙafafu daban da na jonin yau da kullum, dole a duba littafin na'urar kafin a jona. Da yawa daga cikin na rukunin D ma a gada suke tun daga ciki, babu ɗaya daga wayoyin fitarsu biyu da yake wayar ƙasa, wato wadda ke haɗe da jikin na'urar, saboda haka kada a haɗa ko ɗaya da jikin ƙarfe ko da wata na'urar. A duba ko an yi ta don wutar bolt 120 ko 230, ko tana karɓar duka. Gyara kuma ya fi wuya: tsofaffin, mai gyara yana iya bin su ƙwaya-ƙwaya, sababbin kuwa sau da yawa allon gaba ɗaya ake sauyawa, don haka samuwar kayan gyaran kamfanin yana cikin abin dubawa.

Gwajin da ya fi kowace takarda shi ne ka jona ta da firiyam ɗinka da akwatinka, ba na wani ba, a ƙarar da kake wasa da ita tare da mai ganguna. Ka danna tsirkiyar ƙasa ka riƙe, ka maimaita, ka saurara ko sautin yana tsayawa da ƙarfinsa har ya mutu da kansa ko kuwa yana zubewa bayan bugun farko. Ka sa ido a kan fitilar limita: ƙyaftawa jefi-jefi a bugu mai ƙarfi ba komai ba ne, amma in ta zauna a kunne, ko amfilifayar ta yi kaɗan ko akwatin ne ba ya mayar da wutar zuwa ƙara. Ka ci gaba har na'urar ta ɗau zafi sosai, domin wadda za ta ɗauke ba a minti biyar na farko take yi ba.